Gizo-gizo a Cikin Gida: Shawarwari ga Maigida da Uwargida

Da damina ta kankama ƙwari suka yawaita, sai ka ga yana ta cika kusurwoyin ɗaki. Gizo-gizo abincinsa yake bi. Inda sauro da ƙuda da kyankyaso suka taru, nan yake tarewa. Masana sun rubuta ire-irensa fiye da 50,000 a duniya, kuma kusan dukkansu suna da dafin da suke kashe ƙwari da shi, amma waɗanda dafinsu ke iya kwantar da mutum 'yan kaɗan ne ƙwarai. Abu biyu suka fi tayar mini da hankali a gidajenmu: gubar da ake fesawa don a kashe shi, da ƙurajen da ake ɗora masa laifinsu alhali wata cuta ce daban take cin mutum. A kan waɗannan biyun zan fi tsayawa.

1. Ku san waɗanda kuke kwana ɗaki ɗaya da su. Mai dogayen ƙafafu sirara da ke rataye a kusurwar rufi, wanda in an taɓa yanarsa yake kama karkarwa, ba ya cutar da kowa. Ɗan ƙaramin da ke tsalle a jikin bango da rana yana farautar ƙuda, shi ma haka. Akwai mai faɗi da ke manne a garu, wanda kafin ka ɗaga takalmi ya shige bayan kalanda. Sai kuma babban nan ruwan ƙasa mai gudu, wanda yake fitowa da dare a kicin ko banɗaki har yara su yi kururuwa. Girmansa ne kawai abin tsoro, kuma kyankyaso yake nema. In an matse shi yana iya cizo, ya yi zafi na ɗan lokaci ya wuce. Wani bincike da aka buga a 2017 ya ƙiyasta cewa gizo-gizon duniya suna cinye ƙwari da ƙananan halittu tan miliyan 400 zuwa 800 a shekara. A gefen tafkin Biktoriya, a Kenya da Uganda, har akwai wani ɗan mai tsalle da ya fi son macen sauro wadda ta sha jini ta ƙoshi, wato ainihin mai yaɗa zazzaɓin cizon sauro. In kun ga irin waɗannan a ɗaki kuma ba ku son zama da su, ku kifa musu kofi, ku zura kwali ta ƙasa, ku kai su waje.

2. Wanda ya kamata kowa ya iya ganewa. Akwai wani dangi da masana ke kira Latrodectus. Baƙinsa ya yi suna a Amurka da Afirka ta Kudu, mai jan baya kuma a Ostireliya. Ruwan ƙasan cikinsu shi ne ya bazu a ƙasashe masu zafi, har da Afirka ta Yamma, kuma yana son zama kusa da mutane. Macen ce mai cizo. Jikinta kusan santimita ɗaya ne ban da ƙafafu, cikinta dunƙulalle mai sheƙi, ƙafafunta da ratsin duhu a gaɓoɓi. In ta rataye a yanarta ciki sama, za ka ga tambari ruwan lemo ko ja a ƙarƙashin cikinta, mai siffar kalangu, faɗi sama da ƙasa, tsuke a tsakiya.

Sau da yawa ba za ka gan ta ba, domin da rana ɓuya take yi. Ƙunshin ƙwanta ne ke tona mata asiri: ɗan dunƙule fari-fari mai ɗan rawaya, da 'yan tsinaye kewaye da shi ta ko'ina. Yanarta ba ta da tsari, a cukurkuɗe take, kuma in ka ja ta da tsinke za ka ji tana da ƙarfi. Ku duba ƙarƙashin kujerun roba da aka jibge a tsakar gida, leɓen bokiti da baho, cikin tsohuwar taya, bakin taga ta waje, ƙarƙashin murfin rijiya, bayan ƙofar masai, akurkin kaji, da keken yara da ya daɗe a jingine. In kun samu, ku murƙushe ƙwan da sanda, ku kashe uwar da takalmi. Kada a sa hannu.

Ba ta da faɗa. In an dame ta takan naɗe ƙafafu ta faɗo kamar ta mutu, kuma cizonta yawanci bai kai na baƙar 'yar'uwarta tsanani ba. Duk da haka dafin a jijiyoyi yake aiki, don haka ba a wasa da shi, balle a jikin yaro.

3. Sauran masu suna. Akwai dangin Loxosceles, ƙanana ruwan ƙasa masu ido shida, da ke laɓewa cikin kwali da tsofaffin kaya. Cizonsu wani lokaci yakan sa nama ya mutu a wurin, ya bar gyambo mai wuyar warkewa. Sun fi addabar mutane a Brazil da Chile da tsakiyar ƙasar Amurka, ana kuma samun wasu ire-irensu a Afirka. Ko su ɗin ba su cika cizo ba: a 2001 an tattara guda 2,055 cikin wata shida a wani gida a jihar Kansas ta Amurka, kuma mutum huɗun da ke zaune a gidan ba wanda aka ciza. Manyan masu gashi da ke zama a kogon itace da kan kwakwar manja a kurmin Afirka ta Yamma suna da cizo mai zafin gaske, sai masu hawan itace da masu saran daji su kula.

Halittar nan mai kama da gizo-gizo, mai launin rairayi, mai gashi da manyan muƙamuƙai, da ke shigowa a guje wajen fitila da dare a lokacin zafi, ba ta da dafi ko kaɗan, sai dai cizo in an kama ta. A ƙasashenmu na Sahel kunama ta fi gizo-gizo haɗari nesa ba kusa ba. Mutanen Agadez da arewacin Sudan sun san yadda harbinta ke ɗauke yara. Duk yaron da ya tashi da kururuwa cikin dare yana riƙe ƙafa, kunama za a fara nema da tocila.

4. Kada a yi saurin cewa tautau ne. Mutum ya wayi gari da ƙuraje masu ruwa a wuya, sai kowa ya ce tautau ya yi masa fitsari, ko gizo-gizo ya bi ta kansa. Ba wanda ya ga gizo-gizon. A wani asibitin jami'a a Kalifoniya an bincika mutum 182 da suka zo suna cewa gizo-gizo ya cije su, sakamakon da aka buga a 2011 ya nuna bakwai kacal ne cizon gizo-gizo, kusan kashi 86 cikin 100 kuwa ƙwayoyin cuta ne suka shiga fatarsu. Bin gizo-gizo a kan fata ba ya ƙona ta. Ga abubuwan da suka fi yin haka a wajenmu.

Na farko wani ɗan ƙwaro ne siriri, bai wuce santimita ɗaya ba, baƙi da ratsin ja, wanda yake yawaita da damina kusa da fadama da gonakin shinkafa, yana biyo hasken lantarki ya shigo ɗaki. Ba ya cizo, ba ya harbi. Ruwan jikinsa ne mai guba. Mutum yana barci ya ji abu a wuya ya murtsuke shi, bayan kwana ɗaya ko biyu sai wurin ya yi ja a miƙe kamar an ja layi, ya ɗuri ruwa, yana zugi. In a lanƙwasar hannu ne sai ya fito gefe biyu, inda fata ta haɗu da fata. Maganinsa shi ne a hure shi ko a kaɗe shi da takarda, in kuwa an riga an murtsuke, a wanke wurin da sabulu nan take, kada hannun ya kai ido.

Na biyu ƙuraje ne masu ruwa da ke fitowa a jere a gefe ɗaya na jiki, daga baya su zagayo ƙirji ko ciki, ba sa tsallakawa ɗaya gefen, da zafi kamar wuta tun kafin su ɓullo. Wannan ƙwayar cutar ƙaranbau ce da ta kwanta a jijiya tun yarinta ta farka. Tana da magani, kuma ya fi aiki in an fara shi cikin kwana uku. In ta fito a goshi ko kusa da ido tana iya taɓa gani, ranar nan za a je asibiti. In saurayi ko budurwa ce ta kama, ya kamata likita ya duba ƙarfin garkuwar jiki.

Na uku maruru ne da sauran ƙurajen ƙwayoyin cuta. Mai ciwon suga kuma, duk ƙurjin da ya fito masa a ƙafa kada ya tsaya neman abin da ya cije shi. An yanke ƙafafu da yawa saboda an zauna a gida ana shafe-shafe ana cewa cizo ne.

5. Tsintsiya ta fi komai. A ɗaura tsintsiya a doguwar gora a bi rufi da kusurwoyi sau ɗaya a mako. Tsofaffi kan ce barin yana a ɗaki yana jawo tsiya, kuma ko ba komai sun koya mana tsabta. Sharar da ta fi amfani ita ce ta inda ido ba ya kaiwa: ƙarƙashin gado, bayan adaka da durowa, bayan randa, tsakanin kwanukan jere da ba a taɓa su sai da salla. Ƙunshin ƙwai ɗaya yana iya ƙyanƙyashe 'ya'ya fiye da ɗari, don haka shi za a fi sa wa ido. Kwalaye da tsofaffin takardu da buhunan da ba a amfani da su a fitar da su daga ɗakin kwana. Itacen girki da kara a jibge su nesa da bango, a bisa duwatsu.

6. A rage masa abinci, a toshe masa hanya. Ƙwan lantarki fari da ke bakin ƙofa shi ke tara ƙwari duk dare, gizo-gizo kuma ya saƙa yana a gefensa. A matsar da shi can jikin katanga, ko a sauya shi da mai hasken rawaya, wanda ƙwari ba su cika bi ba. A sa waya a taga, a gyara wadda ta yage, a cike tsagar bango da siminti ko a sake yaɓe. Ragowar tuwo a rufe, kwandon shara a fitar kafin dare.

Kaji da ƙadangaru suna cin gizo-gizo a tsakar gida. Haka ma zanzaro. Wanda ya taɓa fasa ɗakin laka da zanzaro ya gina a jikin azara ya san abin da nake nufi: sau da yawa cike yake da ƙananan gizo-gizo, a sandare amma da ransu, ya harbe su ya tara wa ɗansa abinci kafin ya liƙe ƙofar. In gininsa a zaure yake ko a rumfa, bai tare wa kowa hanya ba, a ƙyale shi.

7. Kakkaɓe kafin sawa. Kusan duk cizon gizo-gizo yana faruwa ne lokacin da aka matse shi tsakanin fata da tufa. Rigar da ta kwana a ƙusa, takalmi sau-ciki, takalmin makarantar yara, hular da aka ajiye, darduma da tabarma da aka naɗe, kayan gwanjo da aka kwance daga dila, duk a kakkaɓe. A ja gado ya bar jikin bango, kada zanin gado ya taɓa ƙasa, a cusa gidan sauro ƙarƙashin katifa. Mai shiga rumbu ko mai ɗiban itace ya fara bubbuga wurin da sanda, in da safar hannu ya sa. Wannan ɗabi'a guda ita ce kuma ke tsare mutum daga kunama.

8. Fiya-fiya ba ta ɗaki ba ce. Nan ne nake roƙon iyaye da babbar murya. Ruwan maganin ƙwarin da ake ɗurawa a kwalba ana tallarsa a tasha, da Sniper da danginsa, sinadarin da ke cikinsu na gona ne da rumbun ajiya. A 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben irin wannan magani a kasuwanni da kantuna a Najeriya, amma har yau ana yayyafa shi a ƙarƙashin gado a rufe ƙofa a kwantar da jariri. Yana shiga jiki ta numfashi, yana shiga ta fata. Ƙwayar nan da ake sa wa buhun wake da masara, wadda take fitar da iska mai guba, ta fi shi muni, ta sha hallaka iyali a ɗaki ɗaya cikin dare. Buhun da aka sa wa ita ba ya kwana inda mutane ke kwana.

Kuma duk wannan kasada ba ta biyan buƙata. Gizo-gizon da ke zaune a yanarsa can sama bai cika taka inda aka yayyafa maganin ba, ƙwansa kuma a naɗe yake cikin saƙa mai kauri. In dole sai an yi feshi, a sayi na gwangwani mai lambar rajista, a rufe abinci da ruwan sha, a fitar da yara da mai ciki da mai asma, a bi abin da aka rubuta a jikinsa, sannan a buɗe tagogi iska ta ratsa kafin kowa ya koma. Kada a taɓa juye maganin ƙwari a robar lemo ko ta ruwa.

In yaro ya sha ko ya shaƙa, za a ga dalala da gumi da hawaye da amai, ƙwayar idonsa ta tsuke, numfashi yana ƙara. A cire masa tufafin da maganin ya taɓa, a wanke jikinsa da sabulu, a tafi asibiti da kwalbar a hannu. Kada a ɗura masa manja ko madara, kada a sa shi amai, domin abin yana iya sarƙe shi ya gangara huhu. Asibitoci suna da allurar da ke karya wannan guba in an kai shi da wuri.

9. In cizon ya tabbata. A wanke wurin da ruwa da sabulu. A naɗe ƙanƙara ko ruwan leda mai sanyi a tsumma a ɗora minti goma, a ɗauke, a sake. In hannu ne ko ƙafa a ɗaga shi, a cire zobe da awarwaro kafin kumburi ya zo. A sha farasitamol don zafi, yaro a ba shi gwargwadon nauyinsa, kuma kada a ba yaro asfirin. A zagaye iyakar jan da biro a rubuta lokaci, ta haka za a gane ko yana faɗaɗa. In an kashe gizo-gizon a saka shi a kwalba ko a ɗauki hotonsa da waya, har da ƙarƙashin cikinsa. Wanda ya shekara goma bai yi allurar tetanus ba, ya je a yi masa. Mafi yawan cizo a nan yake ƙarewa, ja da ɗan kumburi da ƙaiƙayi, kwana biyu ya baje.

10. Abin da ba a yi. Ba a tsaga wurin da reza, ba a tsotsa, ba a ɗaure gaɓa da igiya ko roba. Ba a zuba kananzir ko fetur ko man birki, ba a shafa baƙin cikin batir ko man goge baki, ba a ƙona wurin. Baƙin dutse ba ya zuƙe dafi. Man bilicin da sauran mayukan da ke sa fata ta yi haske suna rufe alamun ciwo su bar ƙwayar cuta tana ci ta ciki. Kafso da ake fasawa a barbaɗa a ƙurji shi ma a bari sai likita ya ce. Akwai kuma masu yayibo yana daga bango su danna a sabon yanka don jini ya tsaya. Yanar ɗaki cike take da ƙura, kuma ta irin wannan hanya cutar tetanus mai sarƙe haƙora take samun shiga. Tsumma mai tsabta da dannawa da hannu sun isa tsayar da jini.

11. Alamomin da ba a kwana da su a gida. Dafin mai tambari a ciki yakan nuna kansa cikin awa guda: zafi ya tashi daga wurin cizon ya hau cinya ko hammata, ya kai ciki da baya da ƙirji, nama yana murɗawa, gumi yana karyowa, wani lokaci a gaɓar da aka ciza kaɗai, ga tashin zuciya da ciwon kai, jini ya hau. Ciki yakan yi tauri har a zaci abin tiyata ne, shi ya sa yake da muhimmanci a gaya wa likita an ga gizo-gizo. Ƙaramin yaro ba zai iya bayani ba, sai kuka marar tsayawa da gumi da miƙewa. Yara da tsofaffi da masu ciki da masu hawan jini ko ciwon zuciya, da an ga alama ɗaya a tafi. A asibiti maganin zafi mai ƙarfi da sa ido su ne jigon jinya, kuma yawanci cikin kwana ɗaya zuwa uku mutum yake miƙewa. Mutuwa daga irin wannan cizo abu ne mai wuyar aukuwa.

Haka kuma a gaggauta in fuska ko leɓe ya kumbura, ko numfashi ya yi wuya. A je in tsakiyar ciwon ya koma shuɗi ko baƙi bayan kwana biyu ko uku, in ja ya tsallake layin biro, in ya fara ruwa ko mugunya, in zazzaɓi ya shigo. Fitsari ya yi duhu ko ido ya yi rawaya bayan cizo alama ce ta jini yana fashewa, ba ta jiran wayewar gari.

12. Yara da matafiya. A nuna wa yara ƙunshin ƙwai mai tsinaye da idonsu, a ce musu in sun gani su kira babba. A hana su zura hannu a rami da kogon itace da ƙarƙashin dutse. Kada a tsorata su da kowane gizo-gizo, domin yaron da ya firgita shi ke kai duka da tafin hannu.

Ɗalibai da 'yan kasuwa masu zuwa nesa su tambayi mutanen wurin abin da ake gudu. A Brazil akwai mai yawo da dare da ke ɓuya cikin ayaba da takalma, cizonsa na asibiti ne. A kewayen birnin Sidni na Ostireliya akwai baƙi mai sheƙi da ke rami a ƙasa, wanda dafinsa ya kashe mutane kafin a samar da makarinsa a 1981, kuma tun daga lokacin ba a sake rubuta mutuwa a kansa ba. Shi kam hukuncinsa daban ne da abin da aka faɗa a sama: ana naɗe gaɓar gaba ɗaya da bandeji mai ɗan matsi, a hana ta motsi, a kira motar asibiti.